Wa Ke Tsaya wa Mai Gida Idan Kamfanin Wuta Ya Nemi Ƙarin Kuɗi? Yadda Ake Yi a Pensilbaniya

A jihar Pensilbaniya ta Amurka, idan kamfanin wuta ko na gas ko na ruwa ya ga kuɗin da yake karɓa bai ishe shi ba, ba shi da ikon ya wayi gari ya ƙara farashi. Sai ya rubuta wa hukumar jihar da ke sa ido kan irin waɗannan kamfanoni, wadda ake kira PUC a taƙaice, kuma tilas ya sanar da duk wanda yake kai wa bil. Sanarwar kan zo ne a 'yar takarda da aka cusa cikin ambulan ɗin wata: mun nemi ƙarin dala miliyan kaza a shekara, gidan da ke shan yunit kaza zai riƙa biyan ƙarin dala kaza a wata. Yawancin mutane kwandon shara suke jefa ta. Alhali kuwa sammaci ce, don daga ranar an buɗe shari'a, kuma a kan aljihun mai gida za a yi ta.

Dalilin da ya sa sai an yi shari'a a fili yake. Ba a jan layin falwaya biyu a titi ɗaya, ba a binne bututun ruwa na kamfani uku a lungu ɗaya. A Pensilbaniya mutum na iya zaɓen wanda zai sayar masa da wutar kanta, amma wayar da ke kawo ta ƙofar gidansa ta kamfani ɗaya ce, kuma ba inda zai gudu. Tun da babu gasar kasuwa da za ta taka wa farashi burki, sai hukuma ta ɗauki aikin: ta saurari hujjoji, ta yanke farashin da doka ta kira na adalci da hankali.

To, wa ke zuwa zauren? Kamfani na zuwa da lauyoyi da akantoci da injiniyoyi da masana tattalin arziki da ya ɗauko haya. Manyan masana'antu, masu narka ƙarfe da masu sarrafa sinadarai, suna da ƙungiyoyinsu da lauyoyinsu, don ƙarin kashi ɗaya cikin ɗari a wurinsu kuɗi ne mai yawa. Hukuma kuma alƙali ce, ba ta ɓangaren kowa. Saura mai gida. Idan ƙarin dala goma ne a wata, ba mai hankalin da zai ɗauki lauya ya biya shi dubbai don ya tsira da dala ɗari da ashirin a shekara. Amma gida miliyan ɗaya sau dala ɗari da ashirin, dala miliyan 120 ke nan duk shekara. Kuɗin da ya fi kowane yawa a zauren shi ne ba shi da mai magana da yawunsa.

Wannan giɓi ne aka kafa ofishin lauyan masu biyan bil don ya cike. Jihar Merilan ce ta fara, tun 1924. Yawancin sauran jihohi sai a shekarun 1970 suka biyo baya, lokacin da tsadar mai da kuɗin gina tashoshin nukiliya suka sa bil ya yi ta hawa. Pensilbaniya da Ohayo duk a 1976 suka kafa nasu, a 1979 kuma ofisoshin suka haɗa ƙungiyarsu ta ƙasa, NASUCA. Yau jihohi fiye da 40 na da irin wannan wakilci, wasu a ofishi mai zaman kansa, wasu a ƙarƙashin babban lauyan gwamnatin jiha. Na Pensilbaniya babban lauyan jihar ne ke gabatar da sunan shugabansa, majalisar dattawan jihar ta tabbatar. Kuɗin tafiyar da shi daga wani ɗan kaso ne da ake karɓa a hannun kamfanonin, su kuma su saka shi cikin bil. Wato mai gida ne ke biyan lauyansa, da 'yan silalla da ba ya ko jin fitarsu.

Abu uku ne suka ba ofishin haƙora. Na ɗaya, doka ta ba shi damar shiga kowace shari'a da ta shafi masu biyan bil, ba sai ya roƙi alfarma ba. Na biyu, yana da ikon ya tilasta wa kamfani ya buɗe littattafansa. Na uku, idan hukuma ta yanke abin da yake ganin ya saɓa doka, yana iya kai ita hukumar kanta kotu. Ofishin da aka cire wa ko ɗaya cikin ukun nan ya koma teburin karɓar ƙorafi. Mutane da yawa ma suna rikita abubuwan biyu: wanda aka yi wa kuskure a bil ɗinsa ko aka yanke masa wuta, sashen ƙorafi na PUC ne wurin zuwansa. Ofishin lauyan zai ba shi shawara ta waya, amma aikinsa na ainihi shi ne farashin da kowa zai biya.

Agogon wata tara

Kamfani kan ba da sanarwar kwana 60 kafin sabon farashi ya fara aiki. A babbar buƙatar ƙari, hukuma kan dakatar da shi har zuwa wata bakwai don bincike, jimla wata tara ke nan. Idan wa'adin ya cika ba a yanke hukunci ba, farashin da kamfani ya nema zai fara aiki, da sharaɗin a maida wa mutane rarar kuɗinsu idan daga baya aka yanke ƙasa da haka. Saboda haka kowa a guje yake, kuma gudun ya fi wahalar da wanda bai shirya ba. Kamfani ya yi wata da watanni yana haɗa takardunsa, shafi dubbai, shi ya zaɓi ranar da zai shigar da su. Ofishin lauya kuwa 'yan makonni yake da su ya karanta, ya ɗauko nasa masanan, ya rubuta martani.

Ana miƙa shari'ar ga alƙalin hukuma, ya kira zaman farko ya tsara ranaku. Daga nan sai ruwan tambayoyi a rubuce, wani lokaci ɗaruruwa. A ƙa'ida kamfani na da kwana 15 ya amsa, kuma a irin wannan shari'a akan rage zuwa goma. Nan ne ake gane gwani. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ba zai nuna maka ba sai ka tambayi daidai wurin. Wanda ya rubuta "ku yi bayanin kuɗin ma'aikata" zai samu shafi biyu na zaƙin baki. Wanda ya rubuta "ku kawo adadin guraben aiki da kuka sa a kasafi da adadin mutanen da ke kan albashi, wata-wata, na shekara uku da suka wuce" zai samu jadawali, kuma a jadawalin ne ake ganin ko ana neman mutane su biya albashin kujerun da ba kowa a kansu.

Shaida duk a rubuce ake bayarwa, tambaya da amsa: na kamfani, sai na masu ja, sai raddi, sai raddin raddi. Bayan haka a zauna gaban alƙali a titsiye shaidu kan abin da suka rubuta. Alƙali ya ba da shawarar hukunci, ɓangarori su rubuto inda ba su yarda ba, kwamishinoni biyar na hukumar su kaɗa ƙuri'a a bainar jama'a a Harrisburg, babban birnin jihar. Wanda bai gamsu ba yana da kwana 30 ya ɗaukaka ƙara zuwa kotun jihar da ke sauraren ƙararrakin hukumomi. Nauyin kawo hujja, a duk tsawon tafiyar, yana wuyan kamfani. Ofishin lauya ba sai ya tabbatar da cewa ƙarin bai dace ba. Ya isa ya nuna kamfani bai tabbatar da ya dace ba.

Inda kuɗin yake

Lissafin gaba ɗaya ƙafa huɗu gare shi: kuɗin tafiyar da aiki na yau da kullum, kuɗin tsufan kaya, haraji, sai riba a kan uwar kuɗi. Uwar kuɗi ita ce abin da kamfani ya kashe wajen kafa falwaya da waya da taransfoma da bututu da mitoci, bayan an debe abin da aka riga aka biya shi na tsufansu. A kan kuɗin tafiyar da aiki kamfani ba ya cin riba, ana maida masa abin da ya kashe ne kawai. A kan uwar kuɗi yake ci. Duk wanda ya riƙe wannan ya fahimci rabin halin kamfanonin: gyaran tsohon bututu ba ya kawo riba, sauya shi da sabo yana kawowa shekara da shekaru. Tun 1962 wasu masana biyu, Averch da Johnson, suka yi rubutu kan wannan karkata zuwa ga yawan gini. Ba sai an ce kowa ɓarawo ba ne. Tsarin ne ya karkata, kuma dole wani ya tsaya yana tambayar ko wannan aiki ya zama dole bana.

Ribar kuma kashi biyu ce. Wani ɓangaren uwar kuɗin bashi ne, kuma kuɗin ruwansa a rubuce yake, ba a cika jayayya a kai ba. Ɗaya ɓangaren na masu hannun jari ne, kuma ribarsu ba ta rubuce a ko'ina, sai an ƙiyasta. A nan ake yaƙin. Kotun Ƙolin Amurka ta shata iyaka a shari'u biyu, ta Bluefield a 1923 da ta Hope a 1944: a ba kamfani ribar da ta yi daidai da ta sauran harkoki masu irin haɗarinsa, wadda za ta ishe shi ya jawo jari, kuma sakamakon ƙarshe ake dubawa, ko da wace hanya aka bi. Iyakar faɗi gare ta, shi ya sa masanin kamfani da masanin ofishin lauya kan ɗauki kusan kamfanoni iri ɗaya a kasuwar hannun jari, su yi amfani da kusan dabara iri ɗaya, wato rabon riba na shekara a haɗa da bunƙasar da ake sa rai, amma amsoshinsu su bambanta da maki ɗaya da rabi ko biyu cikin ɗari. Na kamfani kan zaɓi hasashen bunƙasa mafi girma, sannan ya yi ta ɗora ƙari: kaza don kamfanin ƙarami ne, kaza don nauyin bashi, kaza don shugabanninsa sun yi ƙoƙari. Aikin ofishin lauya shi ne ya sauke waɗannan ɗori ɗaya bayan ɗaya. A 'yan shekarun nan abin da hukumomin jihohi ke amincewa da shi ga kamfanonin wuta yawanci tsakanin kashi 9 ne da 10 cikin ɗari.

Maki ɗaya kamar ba komai ba ne, sai an buga. A ɗauka kamfani na da uwar kuɗi ta dala biliyan 2, rabi bashi rabi hannun jari. Maki ɗaya a kan biliyan ɗaya dala miliyan 10 ne. Amma ribar bayan haraji ake nufi, don haka sai an karɓi abin da zai biya harajin tarayya na kashi 21 da na jiha, a bar wa masu jari miliyan goman cif. Abin da za a ciro a aljihun mutane ya kusa miliyan 14 a shekara, kuma haka zai ci gaba har shari'a ta gaba. Akwai kuma wata ƙofa da ba a cika lura da ita ba. Kuɗin masu jari ya fi bashi tsada, ga haraji a kansa. Idan kamfani ya ce nasa rabon kashi 55 hannun jari ne, 45 bashi, alhali uwar kamfanin da ta mallake shi bashi ta ciwo ta zuba masa da sunan jari, to mutane na biyan farashin jari a kan kuɗin da asalinsa bashi ne. Shaidan da ya san aikinsa kan nemi takardun uwar kamfanin tun a zagayen farko na tambayoyi.

Shari'ar da ta fi nuna amfanin ikon ɗaukaka ƙara daga jihar nan ta fito. Kamfanin Duquesne Light na Pittsburgh da Penn Power sun haɗa hannu da wasu kamfanonin Ohayo za su gina tashoshin nukiliya bakwai. A 1980, shekara ɗaya bayan hatsarin tashar nukiliya ta Three Mile Island, aka soke huɗu. Kafin nan Duquesne ya kashe kusan dala miliyan 35, Penn Power kuma kimanin miliyan 9 da rabi, kan tashoshin da ba su taɓa ba da yunit ɗaya ba. Hukuma ta yarda a karɓi kuɗin a hannun masu biyan bil cikin shekara goma. Sai dai a ƙarshen 1982 majalisar jihar ta yi dokar da ta ce ba a sa wa mutane kuɗin ginin da bai fara yi musu aiki ba. Ofishin lauya ya kai ƙara, ya faɗi a kotun farko, ya yi nasara a kotun ƙolin jihar. Kamfanonin suka wuce Washinton suna cewa an ƙwace musu dukiya ba diyya. A Janairun 1989 Kotun Ƙolin Amurka ta ce ba haka ba ne. Sunan shari'ar Duquesne Light da Barasch, kuma David Barasch shi ne shugaban ofishin lauyan masu biyan bil na lokacin. Da ikon ofishin ya tsaya a ƙofar hukuma, da an biya kuɗin nan shiru.

A ɓangaren kuɗin tafiyar da aiki kuwa tsintar tsakuwa ce a shinkafa. Kuɗin kamun ƙafa a majalisa, tallan gyaran suna, kyaututtuka ga ƙungiyoyi, ladan manyan shugabanni da aka ɗaura kan tashin hannun jari, hidimomin da kamfani ke saya a hannun 'yan'uwansa na gida ɗaya a farashin da su suka yanka wa kansu. Akwai kuma kashe kuɗi na shekara ɗaya tak, kamar gyaran ɓarnar babbar guguwa, da ake so a ɗauka kamar kullum ne. Abin haushi, kuɗin lauyoyi da masanan da kamfani ya ɗauka don neman ƙarin shi ma yana shiga bil. Abin da ake iya jayayya a kai shi ne a shekara nawa za a raba shi. Mai gida na biyan lauyoyin ɓangarori biyu ke nan, kuma na abokin shari'arsa ya fi tsada.

Duk wannan lissafi a kan wata shekara ɗaya ake yinsa, shekarar awo. Da can shekarar da ta wuce ake ɗauka, wadda rasit ɗinta ke hannu. Tun dokar 2012, a Pensilbaniya kamfani na iya ɗaukar shekarar da ba ta zo ba, wato wata goma sha biyun farko na sabon farashi. An koma jayayya kan hasashe. Maganinsa shi ne a ɗauko hasashen da kamfanin ya yi a shari'ar baya a jera shi da abin da ya gina da gaske. Idan ya saba cewa zai kashe ɗari ya kashe tamanin da biyar, hujja ta samu.

Kashin dankali

Ko an gama yanke jimlar kuɗin, saura rabo: nawa gidaje za su ɗauka, nawa shaguna, nawa masana'antu. A wannan zagaye kamfani kan ja gefe, tun da ko wa ya biya, nasa ya cika. Masu biyan bil ne ke kokawa da juna. Lauyan masana'antu zai kawo nazarin da ya ce a raba kuɗin waya da bututu bisa yawan kawuna, don kowane gida sai an ja masa layi ko bai sha komai ba. Gidaje sun fi yawa, kaya ya faɗo kansu. Ofishin lauya zai kawo nazarin da ya ba yawan abin da aka sha da nauyin da aka ɗora wa layi muhimmanci, kaya ya ɗan koma kan manya. A gas ma haka ake yi a kan kuɗin manyan bututu. Duka nazarin biyu injiniyoyi na karɓarsu, kuma bambancinsu miliyoyi ne. Idan babu mai tsaya wa gidaje, kashin dankali ake yi, babba a kan ƙarami. Masu ƙananan sana'o'i sun ga haka, shi ya sa jihar ta kafa musu nasu ofishin a 1988.

Sai tsayayyen kuɗin wata, wanda ake biya ko mita bai motsa ba. Kamfanoni na son ya ƙaru, don kuɗi ne da ba ruwansa da sanyi ko zafi. Amma tsohuwar da ke zaune ita kaɗai a ɗaki biyu da mai katafaren gida daidai suke biyansa, kuma yana kashe amfanin tattali: ka rage shan wuta, bil ya ƙi sauka. Matsayin ofisoshin nan kusan ɗaya ne a ko'ina, cewa abin da ya kamata ya shiga ciki shi ne kuɗin mita, da wayar da ta shiga gidan, da kuɗin buga bil da karɓarsa.

Da yawa daga cikin shari'un nan ba sa kai wa ga cikakken hukunci, sulhu ake yi. Kamfani ma ya san haka, shi ya sa yake buɗe baki kamar mai sayar da rago ana jibi Sallah. A Pensilbaniya an saba da sulhun rufaffen akwati: a amince da jimlar ƙarin, ba tare da an faɗi ribar da aka yi lissafi da ita ba ko abin da aka cire. Yana da amfani. Yana rage kuɗin shari'a, kuma a teburin sulhu ake samun abubuwan da hukuma ba za ta iya tilastawa cikin sauƙi ba, kamar alkawarin kamfani ba zai dawo neman ƙari ba sai bayan lokaci kaza, ko ƙarin tallafi ga marasa ƙarfi. Amma akwai illa, kuma ina ganin ba a cika faɗinta ba. Sanarwar da ke cewa "sun nemi ɗari an ba su sittin" tana kama da nasara, alhali ba wanda ya nuna cewa sittin ɗin ce gaskiya. Mai yiwuwa arba'in ce. Kuma idan aka yi shekaru ana sulhu, ba a samun sabon hukuncin da za a kafa hujja da shi gobe. Ofishin da kamfanoni suka san ba ya kai wa ƙarshe, tayinsa ba ya nauyi.

Abin da ke zillewa ta bayan gida

Babbar shari'a wahala ce ga kamfani, don a nan ake duba komai tare: inda kuɗinsa ya ƙaru da inda ya ragu. Saboda haka ake ta neman ƙananan caji na gefe. Dokar 2012 ɗin nan ta ba kamfanonin wuta da gas damar ƙara wani caji duk wata uku don sabbin bututu da wayoyin da suka sauya, har zuwa kashi 5 cikin ɗari na kuɗin rarrabawa, ba sai sun jira shari'a ba. Wata dokar ta 2016 kuma ta ba kamfanoni masu zaman kansu damar sayen ruwa da magudanar ƙananan hukumomi a farashin kasuwa, su sa wannan farashi cikin uwar kuɗi. Mai sayarwa na son farashi ya yi sama, mai saye ma haka, tun da a kansa zai ci riba. Ciniki ne da ba mai tayawa ƙasa, sai dai wanda zai biya, shi kuma ba ya wurin. A 2018, a ƙarar da ofishin lauya ya kai kan magudanar garin New Garden, kotu ta ce dole hukuma ta auna tasirin cinikin a kan bil kafin ta amince.

Wani babban yanki na bil ɗin wuta ma ba a Harrisburg ake yanke shi ba. Pensilbaniya na cikin kasuwar wuta ta PJM da ta haɗa jihohi 13 da birnin Washinton, kuma hukumar tarayya, FERC, ke kula da ita. A gwanjon Yulin 2024, kuɗin da ake biyan tashoshi don su kasance a shirye ya tashi daga kusan dala 29 zuwa kusan dala 270 kan kowane megawat a rana, saboda rufe tsofaffin tashoshi, da sauyin ƙa'idojin gwanjo, da buƙatar manyan rumbunan kwamfuta masu shan wuta kamar gari. Lauyoyin jihohin yankin na da ƙungiyar da ke wakiltarsu a tarukan PJM, kuma sun kai ƙorafi FERC, amma a can ƙuri'arsu kaɗan ce cikin ta ɗaruruwan kamfanoni.

Rauni mafi girma shi ne wanda ke riƙe da igiyar kasafi. A Ohayo, majalisa ta zaftare kuɗin ofishin lauyan sosai a 2011, shugabar ofishin ta ajiye aiki. A 2019 majalisar ta yi dokar da ta ɗora wa masu biyan bil fiye da dala biliyan ɗaya don ceto tashoshin nukiliya biyu, ofishin ya yi adawa bai yi nasara ba. Daga baya ta fito fili cewa kimanin dala miliyan 60 aka zuba don a samu dokar. A 2023 aka ɗaure tsohon kakakin majalisar, Larry Householder, shekara 20. Kamfanin wuta na FirstEnergy, wanda ya zuba kuɗin, ya biya tarar dala miliyan 230 a 2021, ya kuma amsa cewa ya ba wani kamfani na mutumin da daga baya ya zama shugaban hukumar jihar mai kula da kamfanonin wuta dala miliyan 4.3. Lauya na iya yin jayayya da lissafi. Idan an saye majalisa da kujerar alƙali, sai dai masu gabatar da ƙara na tarayya.

Mai karatu a Kano ko Kaduna zai ga kamanni. Tsarin farashin da hukumar kula da wutar lantarki ta Najeriya, NERC, ke bi tun 2008 a kan irin waɗannan ƙafafu yake: kuɗin aiki, tsufan kaya, riba a kan jari, sai kuma ƙiyasin wutar da ke ɓacewa da kuɗin da ba a iya karɓowa. Akwai matakan ƙorafi daga kamfani zuwa zauren sasanci na NERC zuwa ita hukumar, akwai kuma FCCPC mai kare masu saye gaba ɗaya. Amma lokacin da aka ɗaga farashin rukunin Band A, wato waɗanda aka ce sun fi kowa samun wuta, daga ƙasa da naira 70 zuwa naira 225 kan yunit a Afrilun 2024, surutun da ya biyo baya na zanga-zanga ne da hira a rediyo, bayan an riga an yanke. Dokar wuta ta 2023 ta ba jihohi damar kafa nasu hukumomin, kuma a lokacin rubuta dokar jiha ne ya fi sauƙi a saka kujerar lauyan gidaje da ikonsa uku.

Ga wanda ke zaune a Pensilbaniya, ƙofar shigarsa ita ce zaman jin bahasin jama'a, wanda akan yi a ɗakin taro na gari ko ta waya. Alƙali na gaba, mai ɗaukar magana na buga kowace kalma, lauyoyin ɓangarori na gefe. Zaɓi uku ake ba mutum: ya yi rantsuwa ya ba da shaida, ko ya yi magana ba rantsuwa, ko ya ba lauyoyin masu biyan bil bayaninsa a gefe. Na farkon ne kaɗai ke shiga kundin shari'a, shi kaɗai alƙali zai iya dogara da shi. Kuma "rayuwa ta yi tsada" ba ta cika motsa komai ba, don kowa ya faɗa. Abin da ke motsawa shi ne mutum ya zo da bil ɗinsa na wata goma sha biyu, da ranakun da aka ɗauke wuta da awa nawa ta yi, da lambar ƙorafin da ya shigar da ranar da aka amsa masa ko aka ƙi, da kwalbar ruwan famfonsa idan launinsa ya sauya. Mutum biyar daga titi ɗaya da kwanan wata iri ɗaya sun isa lauya ya rubuta wa kamfani sabuwar tambaya washegari: ku kawo tarihin gyaran layin da ke ba wannan unguwa wuta, da abin da kuka kashe wajen sassabe bishiyoyin da ke kansa cikin shekara biyar.